Turken Gwamnati

Wata Asabar da rana, a daminar shekarar da na shiga aji uku, na tuge turken gwamnati na ɗaure akuya. Ƙauyenmu yana kan dutse ne, nesa da Kauru, inda mota ba ta hawa, hakimi ma sai dai mu ji sunansa. Daga gidanmu gonaki suke gangarowa hawa-hawa har bakin rafi, gonar accar Baba ce ta ƙarshe, da itacen ɗorawa a gindinta. Ranar Mama ta aike ni kiwo, akuyar kuwa mai taurin kai ce, sai na hangi wani katako mai jan kai a kafe ƙasa da ɗorawar. Na ce wa kaina Allah ya kawo turke. Na girgiza shi ya fito, na kai shi inda ciyawa ta fi kyau, na buga da dutse, na tafi wasan 'yar carafke da ƙawayena.

Washegari bayan sujada, masinjan hakimi ya tsaya a ƙofar majami'a, yana haki saboda hawan dutse. Ya ce an raba gundumarmu biyu, masu safiyo sun kafa alamar iyaka a gangare. "Wanda ya taɓa fegi na gwamnati, ko yaro ne ko babba, fursuna ne kai tsaye," in ji shi. Ban san mene ne gunduma ba, amma na san fursuna, don an taɓa kai wani kawuna Kafanchan, ya dawo ba haƙoran gaba.

Ban tsaya cin tuwo ba, na ruga gona. Ruwan safe ya riga ya shafe ramin da na tuge turken daga ciki. Na duba gindin kowane dutse, na tona da yatsu, ina kuka ina addu'a, ko kaɗangare ya motsa sai in zaci ɗan sanda ne. Da na ji muryoyin mata suna saukowa rafi, sai na soka turken inda nake tsaye, sama da ɗorawa, na gudu. Sati biyu ban iya haɗa ido da kowa ba, har Kaka ta dafa mini ganyen zazzaɓi.

Bayan girbi masu safiyo suka dawo, suka zuba siminti daidai inda na soka. Ɗorawar da kunyoyi bakwai na gonar Baba suka faɗa ɗaya gundumar, dagacin can kuma ya ce ƙasar mutanensa ce. Baba ya sauka dutsen nan ya hau ya fi sau goma, yana kai ƙara. Abin da yake ta faɗa kawai shi ne, "Ɗorawan nan babana ne ya shuka." Ina jin sa, ina wanke kwanoni. Tsoron fursuna ya wuce, na Baba ya maye gurbinsa, har ya rasu ban faɗa masa ba.

Yanzu ina zaune a Kafanchan, babur yana kai mutum har ƙofar majami'ar ƙauyenmu, 'ya'yana kuma suna nuna mini iyakar nan a taswirar waya, da ɗan lanƙwasarta kusa da rafi. Duk Kirsimeti nakan je in tsaya a kan simintin, in kalli jikokin wasu suna wasa a inuwar ɗorawar kakana. Taki goma ne kacal tsakaninmu, kuma ni na auna su.