Gadon Yaya a Gefen Hoto

Abokina mai hoto, Allah ya jiƙansa, Kowa-Ya-Shiga muke ce masa. Yana da wani tsohon gilashin kyamara mai faɗin gani, wanda ke kwashe ɗaki daga bango zuwa bango. Komai ƙuncin wuri, ba ya yarda a bar mutum a waje.

Da ƙarfinsa ya fara ja baya, ɗiyarsa ta sayo masa kyamarar dijital don ya huta da neman fim. Ya ɗaura mata tsohon gilashin, ya nufi gidan yayarsa, wadda ta raine shi. Ciwon baya ya kwantar da ita, gadonta na manne da bango, kuma ba a iya motsa ta. 'Ya'ya da jikoki suka cika ɗakin maƙil, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauka.

Na tsakiya sun fito tas. Yaya kuwa tana can gefe, fuskarta ta dushe, ta yi wani ja-ja kamar an shafa mata lalle.

"Ƙanena, tun da raina ka mai da ni fatalwa?" in ji ta.

Aka yi dariya, ban da shi.

A shagona na ɗinki ya yi min bayani. "Fim kamar tabarma yake, ta ko'ina haske ya zo zai kwanta. Ita wannan cikinta ƙananan rijiyoyi ne, sai hasken da ya faɗo a tsaye. Na gefe a karkace yake zuwa."

"To ka yanke gefen mana," na ce.

"Tela ke nan, komai almakashi. Yaya ce a gefen."

Ya shiga neman fim shago-shago, yana tafiya yana hutawa. A ƙarshe ya samu na baƙi da fari a wurin wani tsohon abokin sana'a, har da ragowar ruwan wanke fim. Ya bi dangi gida-gida yana lallashi, don wasu sun ce ai an riga an ɗauka. Suka sake taruwa. Ya mayar da gilashin kan tsohuwar kyamararsa ta fim, ya ɗora ta a kafaɗata don kada ta motsa, ya ce in riƙe numfashi.

Mai wanke fim babu, don haka ya toshe tagar banɗakinsa da bargo ya wanke da kansa, yana tari, ni ina tsare da ƙofa kada yara su buɗe.

Yaya ta fito sarai, har zanen ɗankwalinta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe dai na tsufa."

"Da kyanki, Yaya," ya ce.

Shi ya riga ta tafiya. Ita tana nan a gadonta, duk wanda ya je ta'aziyya sai ta nuna masa kanta a hoton ta ce, "Ƙanena bai bar ni a waje ba."