Wayar Hajiya Ta Daina Ƙara

Shekara shida ke nan da rasuwar matata, Hajiya Asabe, mai atamfa a kasuwar Missèbo. Allah ya jiƙanta. Wayarta tana hannuna har yau.

Bayan rasuwarta 'yarmu Nafisa, da ke aiki a unguwar Ganhi, ta mayar da shagon kan intanet. Amma kafin mutum ya sayi turmi ɗaya sai ya yi rajista: suna, imel, lambar sirri, lambar gida. Mu nan Zongo wa ya san lambar gidansa? Kwatance muke yi, bayan masallaci, kusa da mai wanki. Sai tsofaffin abokan cinikin Hajiya su maƙale, su kira lambarta da ke ƙasan shafin, ni kuma in ɗauka.

"Alhaji, abin nan naku ya ƙi ni!" Daga nan sai hira ta ɓalle. Wata ta tuna yadda Hajiya ta zaɓa mata kayan aure, wata ta ce ta taɓa hana ta sayen zani don bai dace da fatarta ba. Wallahi da waɗannan kiraye-kirayen nake cika yinina a gidan da ba kowa.

Bana Nafisa ta gyara shafin. Ka zaɓi zani, ka sa lambar wayarka, ka yi kwatance da murya, ka biya, mai zem, wato ɗan acaɓa, ya kawo maka har ƙofa. Ciniki ya buɗe, kira ya ɗauke.

Da ta zo gaishe ni na daure na ce, "Ki bar musu ko tambaya ɗaya mai wuya mana."

Ta yi dariya, da ta dube ni sai dariyar ta tsaya. "Baba, Mama za ta yarda?"

Ba za ta yarda ba. Hajiya ba ta iya ganin mai saye a tsaye yana jira. Ko tana cin abinci za ta ture kwano. Da tana nan da ta sa wa Nafisa albarka, ni kuma ta harare ni ta ce son kaina ya yi yawa.

Halinta ne ya ci gaba a shagon, ni kuwa na ji daɗi, na kuma ji ciwo. Mutanenta suna samun zaninsu cikin sauƙi yanzu. Sai dai babu wanda yake kirana ya ambaci sunanta.