Motar Malam Ba Ta Tashi da Turi

Motar maigidana tsohuwar a-kori-kura ce, fara, wadda rana ta dafe ta har ta koma ruwan ƙasa. Tun ina amarya na tarar da ita a ƙofar gida. Da ita Malam yake ɗauko masara da albasa daga ƙauyukan wajen Dutsen Abba ya kawo kasuwar Tudun Wada, da ita muka ci muka sha, da ita yara suka yi makaranta. Amma ban taɓa jin ta tashi da makulli ba. Kik ɗinta, abin nan da ke juya inji in an murɗa makulli, ya daɗe da sumewa, shi kuwa Malam bai ga dalilin gyara ba tunda layinmu gangare ne.

In gari ya waye, sai maƙwabta su taru a bayanta: tela, da mai shayin bakin layi, da ladanin masallacinmu. Daga madafi nake jin su.

"Malam, wannan tsohuwar taka kullum sai an lallashe ta kamar amarya," in ji mai shayi.

"Tura dai. Kai ma shayinka sai an tura shi yake wuce maƙogwaro."

Sai Malam ya danne kuloci, ya sa giya ta biyu, in ta ɗauki gudu ya saki ƙafa. Ta yi tari, ta yi gyatsa, ta kama. Ni kuma in ce Allah ya tsare, in ci gaba da wanke-wanke.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, Allah ya taƙaita. Bakinsa ya dawo, hannunsa ya dawo, ƙafar hagu ce kawai ta ƙi. Jan ta yake yi da sanda. A asibiti sun koya mana yadda zan riƙa lanƙwasa masa ita, amma in na kama sai ya ce, "Bar ta, baiwar Allah, wannan ta riga ni tafiya." Ƙafar kuloci ke nan. Mutumin da bai iya zama ba ya koma zaure yana kallon motarsa. In kai abinci, in dawo da shi yadda na kai.

Ƙaninsa bakanike ne a Tudun Jukun. Wata Juma'a ya zo gaisuwa, na ji yana cewa, "Yaya, akwai dabara. A cire giyar nan a sa mata otomatik. Ba kuloci, ƙafar dama kaɗai ta ishe ka."

"Irin ta mata?"

"Yaya, mota ina ta san mace ina ta san namiji?"

Malam bai yi dariya ba, amma ranar ya ci tuwo.

Aikin ya ja lokaci. An ba mai kayan gwanjo tsohuwar giyar aka yi musaya da wata da aka ciro daga motar da ta yi haɗari. Da aka zo ɗaurawa ta ƙi zama, sai da aka yanka ƙasan motar, aka kai farfela, dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya, wajen mai walda ya rage mata tsawo. Duk a bakin zaure na koyi kalmomin nan, ina riƙe da butar shayi. Ban taɓa zaton zan ɗaga hannu in yi wa ƙarfe addu'a ba, amma na yi, a sujada ma, ina jin kunyar Ubangijina.

Ran da aka kawo motar, bayan la'asar ne. Ƙanin ya fito ya bar ta a kunne. Malam ya jingine sanda, ya ɗaga ƙafar hagu da hannu biyu ya shigar, ya ja ƙofa. Har Gyallesu ya je ya dawo. Da ya kashe ta a ƙofar gida ya fito, fuskar nan kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ya ce in fito masa da rigar aikinsa, gobe akwai albasa.

Da safe mutanen da suka taru sun fi na kullum. Na sa hijabi na tsaya a bayan ƙyauren zaure.

"Bismillah!" in ji ladan. Suka tura.

Ta gangara shiru. Na kasa kunne ina jiran tarin nan, ban ji ba. Har bakin kwalbatin ƙarshen layi ta kai, ba ta ce uffan ba. Mai shayi ya ce fushi take yi don an canja mata ciki ba a yi shawara da ita ba. Aka yi dariya, aka turo ta sama, aka sake saki. Aka sake. A na ƙarshe ba wanda ya yi wasa. Ladan dattijo ne, ya zauna a dakali yana haki, Malam kuma yana ciki ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai waiwayo ba.

Aka kira ƙanin a waya, ya iso a kan mashin. Da ya ga inda motar take da zufar da ke jikin mutane, sai ya dafe kai.

"Yaya, turi kuka yi? Ai otomatik ba ta tashi da turi."

"Jiya da me ka tayar da ita?"

"Da ƙyar na samu kik ɗin ya juya, sai da na buga shi da guduma. Shi ya sa ban kashe ta ba. Na so in faɗa maka, na ga fuskarka, na kasa."

Ya shiga ƙarƙashi da gudumarsa, ya buga, ya buga. Kik dai ya gama nasa. An nemi irinsa a Zariya an rasa. An aika Kaduna, an aika Kano. Wanda aka kawo, haƙoransa ba sa kamawa. Tsohuwar giyar kuwa tuni mai gwanjo ya sayar.

Motar tana nan a ƙofar gida inda suka turo ta. Kullum da safe Malam yakan sa rigar aiki ya shiga ya zauna. Mutanen layi ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu jingina suke yi da ita, mai shayi ya miƙa kofi ta taga.

Kwanan baya na buɗe ɗaya ƙofar zan ajiye masa koko. Yana ba tela labarin wani hawa a hanyar Dutsen Abba, yadda yake rage giya in ya ɗauko kaya, hannunsa na kan sandar giyar. Sai na ga ƙafar hagun ta ɗaga. Kaɗan dai, amma da kanta. Ta laluba, ta taka inda kuloci yake a da, wurin da aka toshe da guntun kwano.

Shi bai lura ba. Na tsaya da kofi a hannu, na rasa ko in faɗa masa. Ƙafar da muka yi ta roƙo ta fara farkawa, abin da ta tashi nema kuma mu muka cire shi da hannunmu.

Ya juyo ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Malam, kokon zai huce."