Hashimu Tanimun, Wanda Ya Yaye Rufin Ɗakinsa Don Kurmi

Kafin mata su gama surfen safe, Hashimu Tanimun ya kama hanyar dutse, gora a kafaɗa, kansa da tsohuwar hular ma'aikatan gandun daji da rana ta cinye launinta. Yakan hau ta kwazazzabo, ya shiga kurmin da ke bisa tsauni gabas da Badaguishiri, inda marke da kanya da tsamiya suka tsufa har ba wanda kakansa ya san farkonsu. Sai ya bi su yana shafa ɓawo, yana duba ko gatari ya taɓa wani. Mutanen gari kan ce ya fi gai da itatuwa a kan surukansa, shi kuwa bai taɓa musantawa ba. Bana ya ajiye aiki, kuma bai kamata ya sauko shiru ba.

Gwamnati ta hana sara a kurmin, amma doka a buro, wato ofis, take kwana, gatari kuwa a gari. Masu gawayi da masassaƙan turmi duk sun san gudun Hashimu. Abu guda ya gagare shi: itacen kabari. Idan an yi rasuwa, samari kan hau su saro ɗanyun ƙananan itatuwa miƙaƙƙu, waɗanda ake jerawa a bakin kabari kafin a mayar da ƙasa. Wa zai tare mai makoki? A shekarar fari ta 1984 mutuwa ta yawaita, matasan itatuwan da za su gaji tsofaffi suka kama ƙarewa. Wasu ma kabari ɗaya ne, amma amalanke cike suke saukowa da ita.

Hashimu bai kira jandarma ba. Ya shiga tsintar rassan da suka bushe suka faɗi da kansu, ya yanka daidai faɗin kabari, ya sauko da su a ka, ya tara a maƙabarta a hannun Liman. Ba kowa ya ji daɗi ba. Bilal, ƙanen matarsa Shatu, ya faɗa masa a bainar jama'a: "Gawar wasu kaka ruhewa da busasshen icce. Ran da mutuwa ta shigo gidanka mu gani."

Ta kuwa shigo. Da bazara Shatu ta kwanta, ba ta tashi ba, ga tarin maƙabarta ya ƙare tun jana'izar jiya. Bilal ya saɓa gatari yana hawaye. Liman ya dafa Hashimu ya ce, "Yau babu mai ganin laihinka. Lalura ta."

"Liman, in an sara ma Shatu, gobe da wane baki zan hana wani?" in ji Hashimu. "Bilal, aje wanga gatari, ka kamo min tsani."

Waɗanda suka gani har yau suna ba da labarin. Ya fitar da kwanukanta da tabarmarta tsakar gida, ya hau kan ɗakin da ya gina mata tana amarya, ya fasa daɓen rufin, ya riƙa zaro azara yana miƙo wa Bilal. Da su aka rufe Shatu. Daminar nan a zaure ya yi ta, ruwa na zuba a ɗakin matarsa. Da aka sake yin rasuwa a garin, Bilal aka fara gani yana saukowa daga dutse da busassun rassa a ka.

Kai ne, Hashimu, ka hana da hannunka abin da doka ta kasa hanawa da hatiminta. Kai ne ka bar mana inuwar da makiyayi ke shan iska a cikinta, da idon ruwan da bai ƙafe ba a gindin tsauni. Itatuwan da ka tsare suna kamar sandar kiwo, yau yaro ba ya iya rungume su. Na ƙasa ba ya jin zafin rana sai na bisa ya kau, shi ya sa muke gode maka tun kana ji da kunnenka. Allah ya jiƙan Shatu, ya saka maka da inuwar da ta fi ta kurmi.

Ku kuma samari, kada ku tsaya ga yabo. Ku leƙa bayan zauren tsohon nan, za ku ga ɗaurin busassun rassa an jingine, an yanka su daidai. Da aka tambaye shi na mene ne, sai ya yi dariya ya ce, "Nawa na. Kada ranar wani ya ce lalura ta."