Yadda Kawu Maikano Ya Sauke Alhaji Daga Lamba Ɗaya

Duk mai shiga shagon Kawu Maikano a Birnin Kudu ya san intanet ɗin wurin ba ya dawowa sai an kira sallah. Akwai abin da ba su gani ba, ni da nake zaune a lungu ina buga wa mutane takardu na gani. Da ladan ya ɗaga murya, Kawu yakan miƙa hannu ya danna wani abu a kwamfutarsa kafin ya ɗauki buta.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, haifaffen Basirka. Ya daɗe yana kwandasta a motar Gwaram zuwa Birnin Kudu, har ranar da ya faɗo daga bakin ƙofa yana tsakiyar gardama da wani mai akuya, ya karye a ƙafa. Jinya ta kai shi Kano gidan wani ɗan'uwanmu mai gyaran kwamfuta. Ya yi ta zama yana kallo, ya dawo gida da ɗingishi da sana'a. Amma kwandastancin bai sake shi ba. Idan kwamfuta ta yi nauyi, gefenta yake buga wa tafin hannu, kamar yana ce wa direba mu je.

Babbar kwamfuta ɗaya gare shi a ƙarƙashin tebur. A cikinta ya ƙirƙiri wasu ƙanana guda uku, waɗanda ba a taɓa su da hannu amma kowace tana aikinta kamar mai jiki. Ɗaya ta ƙungiyar direbobi ce, ɗaya ta Hajiya Turai mai kemis, ɗaya kuma ta Alhaji Badaru, dillalin riɗi, mai ginin gaba ɗaya. Shi ya ba Kawu shagon kyauta, da sharaɗin aikinsa ba zai tsaya ba.

Da farko ƙananan nan ta jikin babbar suke fita intanet, a bakin Kawu fasinjoji ne a mota ɗaya. Sai Alhaji ya ce yana so ya riƙa duba tasa daga ofishinsa na bayan gini, ba sai ya zo ya zauna cikin direbobi ba. Kawu ya haɗa musu abin da ake kira gada, wato kowace ta fito layin ginin da kanta, da lambarta ta kanta. Tun daga ranar intanet ya rikice wa kowa.

Kawu ya sauya waya. Ya hau rufi da ƙafarsa marar lafiya ya juya eriya. Ya kori wani ƙadangare da ke kwana a bayan soket, ya zage shi har bakin titi. Direbobi suka yanke hukunci cewa intanet ɗin shaiɗani ne, ba ya zuwa sai lokacin jam'i don ya riƙe mutane. Alhaji kuwa ya leƙo ya ce akwai telan da ya daɗe yana roƙonsa wannan shagon, idan masu sayen riɗinsa suka iso daga Kano abin bai gyaru ba, Kawu ya nemi baro ya kwashe kayansa.

Na ga Kawu ya daina cin abincin rana. Na yi kwanaki ina juya abin da na gani a raina, don ban saba buɗe baki a gaban maza ba. Ranar da shagon ya yi shiru, an kira azahar, na tambaye shi me yake dannawa idan an kira sallah. Ya ce umarnin Alhaji ne, da an yi kira duk kasuwancinsa sai ya rufe, sito da sikeli har da kwamfutarsa ta ciki. Bai ƙarasa ba ya tsaya da buta a hannu.

Ya koma ya kunna ta Alhaji, intanet ya ɗauke. Ya kashe ta, ya dawo. Ya yi ta yi har wani direba a waje ya ce a daina yi musu wasa da damben da suke kallo a waya.

Daga nan ya tambayi babbar kwamfutar ta ina ake fita. Ta nuna masa cewa duk saƙon da zai bar ginin sai ya fara zuwa lamba mai ƙarewa da ɗaya, wato rauta, ɗan akwatin nan mai ƙifta fitilu da ke jikin bango. Shi kuwa Kawu, ranar da ya haɗa gada, bisa girma ya raba lambobi.

"To wa zan ba ɗaya, Mas'uda?" ya ce min. "Shugaban direbobi? Alhaji yana raye?"

Ashe biyu ne ke amsa kira ɗaya, rauta da kwamfutar Alhaji. Saƙo ya fito zai tafi duniya, sai kwamfutar Alhaji ta ce ga ni, ita kuwa ban da riɗi ba ta san komai ba. Kawu ya ce an ɗauki fasinjan Kano an sauke shi a sito.

Sauya lambar rauta bai yiwu ba, wanda ya kafa ta ya koma wani gari da kalmar sirrinta a kansa. Sauya ta Alhaji kuwa abu ne mai sauƙi, sai dai kullum da safe Alhaji da hannunsa yake buga lambar, kuma ya riga ya gaya wa majalisarsu cewa shi ne na ɗaya a intanet.

Kawu ya koma gida ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya ce in bi shi a matsayin shaida mai digiri. Ya durƙusa a gaban teburin Alhaji.

"Alhaji, na yi maka laifi. Gadi na sa ka."

"Gadin me?"

Kawu ya ce a kowace tasha wanda ke tsaye a farko shi ne mai ɗaga ƙarfen ƙofa, manya can ciki suke zama a inuwa. Ya ce a intanet ma haka yake, lamba ɗaya ta mai ƙofa ce, kowa ta kansa yake wucewa.

"Wato duk damben da mutanen nan ke kallo ta kaina yake bi?"

"Ta kanka ya so bi, ranka ya daɗe. Kai ne ka hana."

Wannan ya yi wa Alhaji daɗi. Ya gyara hula, ya tambayi lambar da ta fi kowace girma. Kawu ya ce ɗari biyu da hamsin da huɗu. Alhaji ya ce ko akwai wani a samanta, Kawu ya ce akwai guda ɗaya, amma ta mai shela ce, wanda ke yi wa kowa magana a lokaci guda. Alhaji ya ce wannan a ajiye wa Hajiya Turai. Ya juyo ya tambaye ni ko haka aka koya mana a jami'a, na gyaɗa kai ina kallon takalmina.

Kafin la'asar an sauya lambar, intanet ya zauna daram, Alhaji ya buɗe riɗinsa daga ofis. Ya aika wa telan cewa ya nemi wani wuri.

Da la'asar Kawu ya tura babur ɗinsa wurin mai faci, ya zauna a benci yana ɓarar gyaɗa har aka gama.