Inda Kaka Ba Ya Nomawa

A gonar kakana da ke bakin hanyar Yako akwai wani ɗan fili, faɗinsa bai wuce tabarma huɗu ba, wanda ba a taɓa sa masa garma ba. Idan shanu suka iso wurin sai ya karkata su, kunyar noman ta yi gwiwa ta wuce. Ina aji shida na sakandare na tambaye shi dalili, muna cikin noman fari. Ya ce lokacin yaƙin basasa na zamanin kakanni an gwabza a nan, kuma kakansa ne ya tattara waɗanda suka faɗi, na kowane ɓangare, ya binne su rami ɗaya.

"Jikokinsu duk suna garin nan, suna sallah sahu ɗaya," in ji shi. "Ranar da aka san wurin, kowa zai zo neman nasa. Ka bar shi a cikinka."

Ban faɗa wa kowa ba. Amma na rubuta, don ni komai sai na rubuta. Har taswira na zana a littafina, na ƙirga taku daga kwalbati, na ɗiga jan biro a wurin.

Bayan shekara biyu ƙungiyar ci gaban garinmu ta ce za ta kafa allon tarihin yaƙin a bakin hanya, irin wanda matafiya ke tsayawa su karanta. Shugaban ƙungiyar ya san ina tara labaran tsofaffi, ya ari littafina. Na cire shafin labarin ramin kafin in ba shi. Taswirar ce na manta, shi kuwa ya ɗauki jan ɗigon a matsayin wurin da aka gwabza.

Ranar Asabar da hantsi na iske su a gonar da diga da buhun siminti, allon yana jingine a jikin babur. Kaka na tsaye da fartanya a kafaɗa. Shugaban ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ga wurin da ɗanmu ya auna. Allah ma ya sa ba ka nomawa. A taimaka mana da filin ƙafa biyu kawai."

Dattijo ba ya hana jama'a filin ciyawa ba tare da dalili ba, dalilin kuma ba ya faɗuwa. Kaka ya juyo. Ni ya kalla.

Mai digar ya tofa yawu a hannu ya sara sau ɗaya. Ƙasar ta yi laushi, bakin digar ya shige duka. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, sai na ji muryata ta fita.

"Ranka ya daɗe, a dakata. Na yi kuskure."

"Kuskuren me?"

"Awon. Daga wancan kwalbatin ya kamata in ƙirga. Wurin yana tsallaken titi."

Shugaban ya duba taswirar, ya dube ni. "Ka tabbata? Da hannunka fa ka ɗiga."

"Na tabbata," na ce.

Mai digar ya kwashe da dariya. "To fa! Malam mai biro uku a aljihu, ashe taku ma gagarar ka yake yi?" Sauran suka taya shi. Wani ya ce gara da ba rijiya aka sa ni aunawa ba.

Suka kwashi kayansu suka tsallaka. Kaka ya mayar da ƙasar da ƙafarsa, ya daddanna, ya koma bakin aikinsa.

Allon na nan har yau, a wurin da babu abin da ya faru. Ƙungiyar ba ta sake neman littafina ba. Kaka bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Sai dai daga ranar, duk lokacin da na zauna kusa da shi na ce ya ba ni labarin dā, sai ya tambaye ni yaya karatu.