Nauyin Malam Haruna Kafinta

Malam Haruna kafinta, Allah ya ji ƙansa, a Gyaɗi-Gyaɗi aka haife shi, a nan ya tsufa. Ƙofa da taga da benci yake yi a shagonsa na bayan masallaci. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ya ƙera wa masallacin makara kyauta, kuma tun daga nan, har ƙarfinsa ya fara gazawa, ba a yi jana'iza a unguwar babu kafaɗarsa a ciki ba.

Mutum ne mai son tuwo, matarsa Jummai kuma ta iya miya. Ƙiba ta zo masa a hankali, ta jawo ciwon suga da hawan jini, gwiwoyi suka fara ƙara. Bai damu ba. In amininsa Lawan mai gyaran rediyo ya tsokane shi, sai ya shafa tumbi ya ce ai rufin asiri ne.

Yana da shekara sittin da huɗu aka yi rasuwar wani ɗan kasuwa, ƙato, a Darmanawa. Lokacin Haruna ya daina ɗauka, sai dai ya bi baya yana haki. Daga bakin maƙabarta zuwa kabari sau biyu ana sauke makarar. Ya ji nishin masu ɗauka. Ya kuma ji wani ya ce a hankali, "Wannan bawan Allah ya ci abinci."

Da la'asar ya ɗauki magwajinsa na aikin kafinta ya sami Lawan.

"Auna ni."

"Gado za ka yi?"

"Kai dai auna ni, daga nan zuwa nan."

Lawan ya auna. Faɗin Haruna ya fi makarar da ya ƙera da taƙi guda.

"To mene ne? Kai ne kafinta, ka ƙera babba."

"Katako ba ya nishi, Lawan. Kafaɗun mutane nake ji. Ba na so a kai ni ana salati a baki, ana tsaki a zuci."

Ya gwada azumin Litinin da Alhamis, amma buɗa-baki ya rama. Ya gwada zagaya unguwa bayan asuba, gwiwa ta ƙi. 'Yarsa Rabi, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo zancen tiyatar rage tumbi a Masar. Jummai ta ce ba ta taɓa jin an yanka mai lafiya don yana cin abinci ba. Lawan ya ce in dai za a je, da shi.

A Masar, likitan, ta bakin tafinta, bai ɓoye komai ba. Ya ce aiki a kan dattijo ya fi haɗari, sai an duba zuciya da huhu tukuna. In an dace, suga da hawan jini kan yi sauƙi, amma zai sha magungunan ƙarin jini da gina jiki har ƙarshen rayuwarsa, cin abinci kuma sai ɗan kaɗan. Ya tambaya ko akwai tambaya.

"Akwai," in ji Haruna. "In ban farka ba, da ƙibata zan mutu ke nan?"

Likita ya ce haka ne.

"To ku kula sosai."

Ya farka. Lawan da ya yini a bakin ƙofa ya shiga da hawaye, Haruna ya dube shi ya ce, "Ka ci abinci? Me aka ba ka?"

A wata goma ya zabge. Mutanen unguwa suka ga dattijo na ramewa, suka san abin da ya kamata: suka fara zuwa dubiya. Mai kawo farfesu, mai kawo fura da nono, mai dambun nama. Haruna zai ɗanɗana cokali biyu don kada a ce ya raina, ya tura wa Lawan kwanon. A wannan shekarar Lawan ya sake wanduna.

Ba duka aka dace ba. Suga ya sauka, hawan jini bai tafi ba, sanyi kuma ya riƙa kama shi ko a watan zafi. Tuwo loma uku yake yi ya zauna yana kallon malmalar kamar tsohuwar budurwa. Amma gwiwa ta saki, ya koma ɗaukar makara, yana gaba a hannun dama.

Shekara bakwai ya yi a haka. Wata Laraba da hantsi ya kwanta da zazzaɓi, Juma'a kafin azahar ya cika.

A maƙabartar Tarauni Lawan ya kama gaba. Kamar yadda aka saba, kowa na ɗan ɗauka ya ba wani, shi kuwa ya ƙi saki. Wani maƙwabci ya matso ya ce, "Malam Lawan, kawo in karɓe ka, shekarunka saba'in fa."

"Bar ni, Alhaji," in ji Lawan. "Don wannan ya bar tuwo."

Ba a sauke ba sai a bakin kabari. Allah ya gafarta maka, Haruna, ya haskaka makwancinka.